Yaron da ya kwance birkin keke ya haɗa jita, aka fara jin muryarsa daga Sakkwato

Duk uwar da ta rayu a Sabon Birni ko Isa ta san wannan ƙarar. Yaro ya samo gwangwanin madara, ya huda shi, ya soka kara, ya ɗaure waya, ya zauna gindin bango yana ta ƙwanƙwasa har kai ya yi ciwo. Sau tari abin yana ƙarewa ne da tsawa, a jefa gwangwanin bayan gida.

Akwai wani Buzu da ya fara haka. Sunansa Mahamadou Souleymane, duniya ta san shi da Mdou Moctar. An haife shi a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar a tsakiyar shekarun 1980, cikin gidan da ba a yarda da kiɗa ba. Ya ga wasan mawaƙin Buzaye Abdallah Oumbadougou, abin ya shiga ransa, ga shi ba kuɗin sayen jita, ba kuma wanda zai saya masa. Sai ya sami katako ya sassaƙa, ya ciro wayoyin birkin keke ya mayar da su tsirkiya. Bahago ne, don haka yadda hannunsa ya so ya koya.

Kamar dubban samarin ƙasarsa, ya tafi ci-rani Libiya. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne inda ya nufa daga baya: Sakkwato. A nan ne a 2008 ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar, cikin harshen Buzaye, da irin sautin na'urar gyara murya da muka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Faifan bai bi ta kanti ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta bulutut da katin memori, har ya kai Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga waƙoƙin, ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Ya bi sawu har ya gano mai muryar, ya kuma kawo masa jitar bahagwai ta gaske.

Mutanen gabashin Sakkwato ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan hanya. Lokacin da aka katse layukan waya a watan Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, da abin da ke cikin memori aka yi ta rage dare.

Kafin Mdou akwai Ibrahim Ag Alhabib, wanda labarinsa ya fi kama da na yaranmu na yau. Yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa a rikicin arewacin Mali na 1963, ya tashi ɗan gudun hijira a kudancin Aljeriya. Shi ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya haɗa tasa jitar. Ƙungiyar da ya kafa, Tinariwen, ta ci kyautar Grammy a 2012.

Gwangwanin nan fa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos irin wanda ake yi da gwangwanin kifi ne a rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak. Isa kuwa garin da Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Amadu kiɗan kotso ne, ba a koya wa mutanenta darajar sauti.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne halin da ake ciki. Tun 2019 dubban iyalai daga Sabon Birni da Isa suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu aka zaunar da su a Garin Kaka da Cadakori, kusa da 'yan uwansu Gobirawan Tsibiri. An bar gona, an bar dabbobi, yara da yawa karatunsu ya tsaya. Yaron da ke zaune haka wuni guda, in ya ɗauki waya da katako yana auna tsawo, yana ɗaurewa yana kwancewa har sautin ya daidaita, aikin kafinta da na mai gyaran rediyo yake koya ko bai sani ba. Ba ina cewa ki bar ɗanki ya zama makaɗi ba. Gidaje da dama ba su yarda da kiɗa ba, kuma suna da hujjarsu, iyayen Mdou ma haka suke. Ni dai a ganina, kafin a fasa gwangwanin, a duba yadda aka haɗa shi, a tambayi yaron wa ya koya masa. In ba kowa, to lokaci ya yi da babansa ko kawunsa zai kai shi wurin mai sana'a.

Shi Mdou, hijirar ba ta gama da shi ba. Yana yawon wasa a Amurka a watan Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum, aka rufe iyakokin Nijar, shi da abokan kiɗansa suka maƙale can na wani lokaci, iyalansu na gida. Shekarar da ta biyo baya ya fitar da faifan Funeral for Justice, wato jana'izar adalci.