Yada zango a bakin Tafkin Kainji

Yada zango a bakin Tafkin Kainji shi ne zaman wucin gadi da iyalai ke yi a gaɓar tafkin da ke tsakanin jihohin Neja da Kebbi a Najeriya. Zaman iri biyu ne: na masunta da makiyaya masu kwashe iyalinsu su bi ruwa don neman abinci, da na masu yawon buɗe ido da ke zuwa shaƙatawa na 'yan kwanaki. Dukansu sun dogara ne da hawa da saukar ruwa, da kuma halin tsaro a yankin.

Asalin kalma

Zango a Hausa shi ne wurin da fatake ke sauke kaya su kwana kafin su ci gaba da tafiya, shi ya sa ake cewa "yada zango". Tunga kuwa ƙaramin mazauni ne da manoma ko masunta ke kafawa nesa da gari. Idan zama ya ɗore, tunga takan zama ƙauye, kuma sunayen ƙauyuka da dama a gaɓar tafkin suna farawa da wannan kalma. Sunan Gungawa, mutanen tsibiran Yauri masu kiran kansu Reshe, ya samo asali ne daga gungu, wato tsibiri.

Tafkin

Tafkin ya samu ne bayan gina madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara, aikin da aka fara a shekarar 1964 aka kammala a 1968. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 135, girmansa kuma kusan murabba'in kilomita 1,300. Ruwan ya cinye tsohon garin Bussa, inda Mungo Park ya mutu a 1806, aka sake tsugunar da mutane kimanin 44,000 a Sabuwar Bussa da wasu sabbin ƙauyuka.

Ruwa yana shigowa tafkin sau biyu a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, mai laka, wanda ke zuwa daga watan Agusta sakamakon damina. Wani kasonsa yana fitowa ne daga Kogin Zamfara, wanda ya ratsa ƙaramar hukumar Kebbe ya bi ta Jega, ya haɗu da Kogin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Kwara. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya share watanni a hanya, ya iso daga Disamba bayan lakarsa ta kwanta. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai bambancin kusan mita 10, saboda haka gaɓar da aka kafa bukka a bazara tana iya kasancewa ƙarƙashin ruwa da sanyi.

Hanyar zuwa

Daga kudancin jihar Sakkwato ana bin babbar hanya ta A1, wadda ta ratsa Tambuwal, Jega da Koko zuwa Yelwan Yauri, a bakin tafkin ta arewa. Mai son zuwa madatsar da Sabuwar Bussa yakan ci gaba ta jihar Neja. Manyan kasuwannin gaɓar, kamar Yelwa, Warra da Malale, suna haɗe da juna ta jiragen ruwa masu inji.

Tungayen masunta

Sarkawa, masunta masu magana da Hausa, suna cikin waɗanda suka fi yada zango a gaɓar. Magidanci kan ɗora iyalinsa da koma da tukwane a jirgi, su sauka inda kifi ya taru, su kafa bukkokin zana da kara. Maza su fita su, mata su ƙyafe kifi ko su shanya shi don kai wa kasuwa. Baƙo yakan nemi izinin Sarkin Ruwa kafin ya jefa koma. Daga cikin kifayen da ake kamawa akwai giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa, ƙurungu da ƙananan warangi.

Idan ruwa ya ja baya, manoma kan shuka albasa da sauran kayan lambu a danshin da ya bari, Fulani kuma su sauko da shanu don ciyawar gaɓa. A shekarun 1990, ƙarƙashin wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus, an hana amfani da komar dala mai ƙananan idanu, saboda tana kwashe 'ya'yan kifi. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana Sabuwar Bussa.

Masu yawon buɗe ido

Gandun Dajin Tafkin Kainji shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Najeriya. An kafa shi a ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar haɗa dazukan Borgu da Zugurma, girmansa ya kai murabba'in kilomita 5,340. An gina masaukin baƙi a bakin Kogin Oli, a sashen Borgu, inda a da iyalai da ɗalibai kan kwana su ga dorina, kada, gwanki, mariya da birai. Rani ne lokacin ziyara, domin ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suna taruwa a bakin ruwa. Bikin Rigata na Yauri, mai tseren jirage, shi ma yana jawo baƙi.

A Amurka da Turai iyalai kan yi irin wannan tafiya a motar zango, wato mota mai ɗauke da gadaje, wurin girki, banɗaki da tankin ruwa. An kafa ƙungiyar Caravan Club a Ingila tun 1907. Motar tana buƙatar filin sauka mai wutar lantarki, famfo da wurin zubar da ƙazanta. Ba a saba da ita a arewacin Najeriya ba, inda baƙi ke sauka a masauki, a tanti ko a gidan 'yan uwa.

Haɗura da tsaro

Kututturan bishiyoyin da ruwa ya binne, lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya suna jawo haɗarin jirage. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, ya nutse da fasinjoji, gomman mutane suka rasu. Zazzaɓin cizon sauro da tsargiya sun zama ruwan dare a gaɓar, musamman ga yara masu wanka a tafkin.

A ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga sun sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A 2024 cibiyar Clingendael ta ƙasar Holan ta fitar da rahoto kan ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai da suka kafa sansani a cikin gandun dajin, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Wannan ya durƙusar da yawon buɗe ido a wurin. Masunta da manoman gaɓa, waɗanda abincinsu ke rataye da tafkin, suna ci gaba da ƙaura tare da ruwan kowace shekara.