C da C++: Harsuna Biyu da Ake Ɗauka Ɗaya Ne

A takardun kwangilar manhaja da kan ratsa teburan ma'aikatu a Abuja, akan ci karo da rubutun "C/C++", tamkar sunan abu guda. Alhali harsuna biyu ne na rubuta manhajar kwamfuta, tsatsonsu ɗaya, amma kowanne ya daɗe da kafa gidansa.

Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro C a cibiyar Bell Labs ta Amurka a farkon shekarun 1970. A 1979 Bjarne Stroustrup ya soma yi masa ƙari, aikin da ya samu sunan C++ a 1983. Yanzu kowanne na da kwamitinsa a ƙarƙashin hukumar ISO, wadda SON ke wakiltar Najeriya a cikinta: WG14 na C, WG21 na C++.

Saɓaninsu a ƙananan wurare yake ɓuya. Mai rubutu da C yana iya raɗa wa wani abu suna "new" ko "class" lafiya lau. C++ kuwa ya keɓe kalmomin, don haka zai ƙi karɓar rubutun nan take. Wannan da sauƙi, tunda an ga laifin. Wanda ya fi haɗari shi ne inda dukansu suka karɓi layi guda ba gardama, kowanne da fassararsa: harafin 'a' lamba ce a wurin C, mai cin gurbi huɗu a yawancin na'urori, a wurin C++ kuwa gurbi ɗaya tak. Babu gargaɗi, sai dai lissafi ya bambanta.

Kwamitocin ba su bar zumuncin ya yanke ba. Sun kafa rukunin tuntuɓa mai suna SG22, kuma ƙa'idar C23 ta aro "true", "false" da "nullptr" daga ƙanen nasa. Dole ce ta sa: wayar Android da ke aljihun ma'aikaci, zuciyarta Linux ce da aka rubuta da C, manyan sassa a samanta kuma da C++, kullum suna magana da juna.

Jami'in da zai karɓi manhaja daga ɗan kwangila yana da haƙƙin a rubuta masa wane harshe ne, kuma ƙa'idar wace shekara, domin wanda zai gyara ta nan da shekara goma ba lalle ya zama wanda ya rubuta ta ba. Linux kanta sai a 2022 ta bar ƙa'idar 1989 ta koma ta 2011.