Ɓera a gida: wanne ne gaskiya, wanne ne ji-ta-ji-ta?

Da kaka ta yi, hatsi ya shigo ɗaka, sai hirar ɓera ta dawo, kowa da tasa dabarar. Wadda aka fi yaɗawa ita ce wai idan ya ci shinkafar ɓera, ƙishirwa za ta kora shi waje ya mutu can. Ba haka ba ne. Yawanci a maɓoyarsa yake mutuwa, cikin silin ko bayan buhuna, sai wari ya tona. Abin da ya fi damuna kuwa, guba ba ta zaɓen baki: yaro mai rarrafe zai iya ɗauka, haka kaza, haka kyanwar da ta ci mushen.

Batun kyanwa rabinsa gaskiya ne. Tana rage su, amma ba ta bin su cikin rami. Na'urar nan mai ƙara da ake jonawa a wuta, da ganyen na'a-na'a, ɓera na sabawa da su ya ci gaba da harkarsa.

Abin da mutane ke ƙaryatawa shi ne ya tabbata: ƙaramin ɓera na ratsa kafar da ba ta wuce kaurin fensir ba, kamar milimita 6. Haƙoransa na gaba ba sa daina girma, don haka tsumma ko kwalin da aka cusa a rami, gwaguye su zai yi. Siminti da ragar waya ne maganin kafa, musamman gindin ƙofa da inda bututun ruwa ya shigo. Hatsi da gari a sa su a duron ƙarfe mai murfi, kwanukan dare kada su kwana da sauran tuwo. Macen ɓera cikin mako uku take haihuwa, tarko kaɗai ba zai ƙarar da su ba muddin ƙofa a buɗe take, abinci a fili.

Wasu na ɗora wa jaɓa laifin zazzaɓin Lassa. Jaɓa ƙwari take ci, ba ma dangin ɓera ba ce. Cutar, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ɓera mai nonuwa da yawa ne ya fi ɗauke da ita, kuma ta fitsarinsa da kashinsa take shiga abinci. Shi ya sa shanya a bakin titi ke da hatsari. In an ga kashin ɓera, kada a share shi a bushe ƙura ta tashi. A jiƙa da ruwan bilic, a kwashe da leda a hannu, sannan a wanke hannu da sabulu.