Kada Mu Buɗe Rumbunmu a Gaban Kowa

Yanzu ƙungiyoyinmu na gama kai da yawa suna da zauren WhatsApp, waɗansu kuma suna Facebook. Wannan abu ne mai amfani, gama ta nan muke jin farashin masara, da ranar rabon taki, da lokacin taro. Amma faɗin kome a fili yana da iyaka, ya kamata kuwa mu san inda iyakar take.

Magana zarar bunu ce. Abin da aka rubuta a waya, mutum ɗaya yana iya tura shi ga mutum ɗari, ko kuwa ya ɗauki hotonsa ya ajiye. Ko mai maganar ya share daga baya, ta riga ta fita. Bari mu duba abubuwa iri uku da ya kamata mu tsare.

1. Lambobin kuɗi. A shekarar 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN, mai lamba 11. NIN ma lamba 11 ce, a Disamba 2020 kuma gwamnati ta umarta a haɗa ta da layin waya. Ga yadda ɓarawo yake aiki. Yakan tsinci sunan mutum da BVN a jerin da aka sa a zaure, ya ga ranar haihuwarsa a Facebook. Sai ya buga waya ya ce daga banki yake, ko daga masu ba da rancen noma. Da yake ya faɗi waɗannan abubuwa daidai, sai a yarda da shi. Sa'an nan ya ce a karanta masa lambar da ta shigo waya yanzu. Wannan lamba ita ce mabuɗin. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayarta, ba ya kuwa tambayar lambar sirri ta katin cire kuɗi.

2. Dukiya da tafiya. Kada mu sa hoton buhunan da muka girbe, ko kuɗin da muka sayar da shanu. Kada kuma a rubuta cewa ma'aji zai kai kuɗin ƙungiya banki ran Litinin. A wannan zamani na satar mutane, irin wannan labari nuna hanya ne. A bar shi sai an zauna taro.

3. Asirin wani. Roƙon addu'a abu ne mai kyau, amma ba daidai ba ne mu baza sunan mara lafiya da irin ciwonsa ba da izninsa ba. Haka ma sunayen masu bashin taki, da hotunan yara sanye da kayan makarantarsu. Abin da ba namu ba, ba mu da ikon rarraba shi.

Magatakarda, wannan nauyi yana wuyanka musamman. Ka riƙe lambobin membobi a littafin ƙungiya, ka kulle shi. Tun shekarar 2023 Nijeriya tana da dokar kāre bayanan mutane, wadda ta wajabta wa mai riƙe bayanan waɗansu ya tsare su.

Ku tuna da Sarki Hezekiya a Ishaya sura 39. Ya nuna wa manzannin Babila dukan taskarsa, bai rage kome ba, annabi kuwa ya faɗa masa za a kwashe su duka zuwa can. Rufe baki ba ƙarya ba ne, ba kuma rashin ƙauna ba.

Muna roƙon shugabanni su karanta wannan a taro na gaba, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji. Kafin mu tura kowane saƙo, mu tambayi kanmu, za mu yarda a yi shelarsa ran kasuwa? In ba haka ba, mu bar shi. Allah ya ba mu hikima, ya kuma tsare aikin hannuwanmu.