Agogon Hannu da Ragowar Korona

Mutum ya warke daga korona, gwaji ya wanke shi, amma hawa bene kaɗai sai ya bar shi yana haki. A watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan lalura: alamomin da ke nan bayan wata uku da kamuwa, suka kuma daɗe aƙalla wata biyu. Likita dai 'yan mintuna yake ganin majinyaci. Agogo irin Fitbit kuwa yana manne da fata dare da rana, yana ƙirga bugun zuciya da taku da barci.

Cibiyar Scripps da ke Amurka ta fara tattara irin waɗannan bayanai a watan Maris na 2020. Sakamakon da ta fitar a 2021 ya bi diddigin mutum 234 da suka kamu. A matsakaici, barci ya daidaita cikin kwana 24, taku cikin kwana 32, amma bugun zuciya a lokacin hutu sai da ya ci kwana 79 kafin ya koma daidai. Wato ƙafa ta koma bakin aiki, zuciya tana nan tana fama. Wasu ma sun haura wata huɗu kafin bugunsu ya daidaita.

Ƙarfin agogon shi ne ya san mai shi tun yana lafiya, don haka da jiyansa ake auna yau ɗinsa. Sai dai zazzaɓi ko ɓacin rai ma kan tayar da bugu, kuma masu ɗaura shi galibi masu hali ne.