Wa Ya Sace Ingilishin 'Yan Makarantar Tibati?

Ƙulun ƙulufit! Shekara bakwai ana ɗura wa yaro shi a sakandare, ban da na firamare, amma ranar da aka ce ya fito da shi sai a tarar wayam. Mene ne? Kada ka yi saurin ba ni gari, mai karatu. Ingilishi ne, wurin kuma Tibati, garin lamido, hedkwatar yankin Djérem a jihar Adamawa ta Kamaru. Ɗalibi zai ci jarrabawar BEPC, amma baƙo daga Bamenda ya tambaye shi hanyar tasha da Ingilishi, sai ya sunkuyar da kai. To wa ya yi satar?

Na fara zargin hukuma. Sai na duba: tun haɗewar ƙasar a 1961, Faransanci da Ingilishi ne harsunan gwamnati. An kafa hukumar bunƙasa su a 2017, aka yi doka a 2019, kowace shekara kuma makarantu na bikin makon harsuna biyu. Darasin yana nan a jadawali. Ashe ba ta nan ɓarawon ya shigo ba.

Ko yaran ne ba su da kai? Haba! Yaron da ke ciniki da Fulatanci, ya yi wasa da Hausa, ya gaida kakarsa da Mbum ko Gbaya, ya yi lissafi da Faransanci? Wannan ma na sallame shi.

Saura littafi. Gaskiya yana da tsada, ba kowane uba ke iya saye ba. Na ɗauka na kama shi. Sai ga shaida ya ɓata mini lissafi: karen motar da ke bin hanyar Banyo. Bai taɓa buɗe littafin Ingilishi ba, amma ga buroka a bakinsa rangaɗaɗau, yana faɗa da ita, yana karɓar kuɗi da ita. Mai littafi ya yi gum, marar littafi na zuba. Me wannan yake yi da wancan ba ya yi?

Zo mu leƙa aji. Kada ka kalli allo. Kasa kunne. Muryar wa kake ji? Ta malam. Sai ta wa? Ta malam dai. Yaran fa? Kwafa suke yi.

Ga ɓarawon nan: shiru.

Wanda ya buɗe masa ƙofa kuwa takardar jarrabawa ce. Kashi huɗu take: nahawu, kalmomi, fahimtar karatu, insha'i. Duka da alƙalami ake amsa su. Malamin da ke gaban aji maƙil, ga manhaja na jira, dole ya koyar da abin da za a tambaya. Ni ban ga laifinsa ba. Yakan yi bayanin da Faransanci don a gane da wuri. Yaro kuma ya yi tunani da harshen gida, ya juya shi Faransanci, sannan ya nemi Ingilishinsa. Kafin jimlar ta iso baki, tsoron dariyar 'yan aji ya tare ta. Idan aka tashi, ba mai yi masa Ingilishi a gida ko a kasuwa. Karen mota kuwa kullum yana kuskure a bainar jama'a, ana gyara masa, yana ci gaba. Masuntan tafkin Mbakaou sun sani, ba a koyon iyo a tudu.

Malamai, don Allah ku ware minti goma a kowane darasi. Ku haɗa yara bibbiyu, wannan mai kifi, wancan mai saye, su yi ciniki da Ingilishi, ko da gurguwa ce, ba mai dariya, ba bulala. Ku kunna musu murya daga waya su ji, su maimaita. Iyaye kuma, yaro ya dawo, ban da duba littafinsa, ku ce ya faɗa muku da baki abin da ya koya yau.