Kusanci ko Suna: Zaɓen Jami'ar Digiri na Biyu a Kudancin Katsina

Da yawa daga cikin masu neman digiri na biyu a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ma'aikata ne, malaman makaranta ko jami'an lafiya ko ma'aikatan ƙaramar hukuma, waɗanda ke da iyali da gona, ba su kuma da halin tarewa a wani gari na tsawon shekara biyu. Saboda haka zaɓen jami'a a wurinsu yakan tsaya tsakanin wadda ta yi suna da wadda za a iya zuwa a dawo ba tare da an rasa aiki ba.

A wannan yanki lissafin kusanci ba ya bin iyakar jiha. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006, tana birnin Katsina can arewa, alhali Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962 kuma ta fi duk jami'o'in Arewa daɗewa, ta fi kusa da mutumin Sabuwa ko Faskari, domin da ya fito Funtuwa ya kama hanyar Zariya. Wato a nan mai sunan ita ce ta kusa, sai dai masu neman gurbi a cikinta suna da yawa. Mutumin Ƙanƙara kuwa yana da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, sannan hanyar Malumfashi tana kai shi Jami'ar Bayero ta Kano.

Kusancin ma kansa ba da kilomita kaɗai ake auna shi ba, tun da matsalar 'yan bindiga ta sa lafiyar hanya ta shiga lissafi. A Ƙanƙara aka sace ɗalibai sama da 300 na makarantar sakandaren kimiyya a watan Disamba na 2020, a 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, abin da ya yanke ɗalibi daga malaminsa da intanet baki ɗaya. Hanyar da ba a bin ta bayan la'asar doguwa ce ko da taswira ta nuna akasin haka, kuma jami'ar da ke kusa da gida ba lallai ta fi ta nesa kwanciyar hankali ba, kamar yadda sace ɗalibai mata na Dutsin-Ma a 2023 ya nuna.

Batun suna kuma ana yawan yi masa gurguwar fahimta. A matakin digiri na biyu, abin da ke ɗaukar nauyin ɗalibi shi ne sashen da ya shiga da malamin da ke duba kundinsa, wato rubutaccen binciken da ake gabatarwa kafin a ba da digiri. Mai nazarin masara ko auduga, amfanin gonar da aka san yankin Funtuwa da su, yana da hujjar nufar Zariya saboda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, mai nazarin noman ƙasa mai ƙarancin ruwa kuma ya dubi cibiyar da Jami'ar Bayero ta keɓe wa wannan fanni. Amma malamin sakandare da ke neman digirin ilimi domin ƙarin girma a wurin aiki ba ya samun wata riba daga sunan da zai sa shi jiran mai duba kundi wanda ɗalibai suka yi wa yawa, har karatun shekara biyu ya kai huɗu. Yajin aikin malaman jami'o'i na wata 8 a 2022 kuwa bai bambanta tsohuwar jami'a da sabuwa ba.

Ga mai gudun tafiya kuma akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ake karatunta daga gida, sai dai ta dogara da wutar lantarki da intanet, kuma ta fi dacewa da fannonin da ba sa bukatar ɗakin gwaje-gwaje.